Shirun Man Shanu

Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da kemistiri a wata sakandare a nan Gombe kafin abin da zan faɗa ya faru, kuma a duk darussan da nake koyarwa babu wanda nake ji da shi kamar darasin tafasa. Idan makonsa ya zo har hular da nake ajiye wa Juma'a nake sawa. In tsaya gaban allo in tambayi yara: me ya sa fetur in ya zuba a ƙasa kafin ka juya ya bushe, ruwa kuwa sai ya kai digiri ɗari yake tafasa, man gyaɗa kuma ko itacen gidanku kaf ka ƙona ba za ka ga tafasarsa ba sai dai hayaƙi? Sai su yi tsit. Ni kuma dama shirun nake so, don in samu wurin zuba magana.

Sai in ce musu kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ƙwayoyin nan riƙe suke da juna. Tafasa ba komai ba ce illa zafi ya fi ƙarfin riƙon, su saki juna su tashi sama. Na fetur riƙon wasa suke yi wa junansu, ɗan ɗumi kaɗan sun watse. Na ruwa ƙanana ne, amma kowace ta damƙe ta kusa da ita gam, da abin da muke kira riƙon haidirojin. Na mai kuwa dogaye ne, riƙonsu a wuri guda ba shi da wani ƙarfi, sai dai wuraren riƙon suna da yawa, sun cukurkuɗe, kafin su saki juna sun fara ƙonewa. In na kai nan sai in kakkaɓe allin hannuna in dubi ajin, ina ji a raina duk faɗin jihar babu kamar ni.

Mutum ɗaya ce wannan ilimi nawa bai taɓa burge ta ba, ita ce mahaifiyata. Dada muke ce mata. Bafulatana ce da aure ya kawo ta unguwar Jekadafari tun tana da ƙuruciya, kuma da yake ni ne ɗanta na fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "kai" ne sunana. Da na fara koyarwa ta ƙara mini girma na koma "Malam", amma da wata irin murya da har yau ban tantance ko yabo ba ne.

Kowace shekara idan damina ta zo ƙarshe, yayarta da ke ruga can bayan Dukku, wadda muke ce wa Yafendo, takan aiko mata da ɗanyen man shanu cikin bokiti biyu. Direba ne yake kawowa, ni nake zuwa tasha a Bolari in ɗauko a keke. Dada ta soya shi a wata baƙar tukunyar ƙarfe da ta zo da ita gidan aure, ta ɗura a kwalabe shida, ta aika gidajen 'ya'yanta shida. Mu da ke unguwar Lokos a nan cikin gari kwalbarmu takan kai mu har azumi, cokali-cokali a kan tuwo da miyar kuka. Ba wai babu man shanu a kasuwa ba ne. Akwai, amma ranar da matata ta taɓa sayo shi, Dada ta shinshina ta ce a ba wa mai gyaran keke ya sa wa sarƙa.

Da kunne take suyar. Wannan kowa a gidanmu ya sani. In ta ɗora tukunya ana kashe rediyo, a kore kaji, muna yara kuma a tattara mu a zaure. Kumfa takan rufe saman man, ido ba ya ganin abin da ke faruwa a ƙasa, hanci kuma ba ya ba da labari sai aikin gama ya gama. Sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta karkatar da kai gefe, ba ta ko motsi. Can sai ka ga ta zabura ta kama tsumma ta sauke, sannan ta watsa yankakkiyar albasa. Ba ta sa albasa tun farko kamar yadda sauran mata ke yi, ta ce albasa tana da nata surutun, tana ruɗa mutum.

Ni kuwa na san sirrin abin, ko in ce na ɗauka na sani. Ɗanyen man shanu akwai ruwa a cikinsa. Ruwan ne ke tafasa yana fita, shi ne wannan ƙara da ake ji. In ya ƙare sai mai zalla ya rage, shi kuma ba ya tafasa, zafinsa kawai zai yi ta hawa har gasarar da ta kwanta a gindin tukunya ta ƙone. Na taɓa zama na yi mata wannan bayani tiryan-tiryan, har da nuni da yatsu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To." Sannan ta ce in miƙo mata ludayi.

Kunnen nan nata ne ya fara ja da baya. A hankali abin ya zo. Dada mace ce da ba ta gama magana ba tare da ta ce "A nani?" ba, wato ko ka ji, sai ga shi mu ne muka koma tambayarta. An ba ta na'urar ji a asibiti, ta sa kwana biyu ta ce gyare aka ɗaure mata a kunne, ta jefa ta cikin gwangwanin allura da zare. Mu kuma muka bi ta a haka, muna ɗan ɗaga murya, tana cewa "to", kowa yana yi kamar babu komai.

A shekarar da nake magana, bokitin farko ranar Alhamis ta soya, ina makaranta. Matata ce ke wurin, ita ta ba ni labari da yamma. Ta ce Dada ta zauna yadda ta saba, kai a karkace, tana jiran man ya yi shiru. Sai dai a kunnenta tun farko shiru yake. Matata ta ji ƙarar ta ɗauke, amma wace suruka ce za ta ce wa Dada ta sauke tukunyar man shanu? Kafin ta gama shawara da zuciyarta ƙauri ya tashi, man ya yi baƙi ƙirin. Dada ta sauke ta zubar da shi. Ta wanke tukunyar, ta kife ta a bakin zaure, ta ce wa matata, "In za ki tafi ki tafi da ita. Ta fi ni lafiya, kada in ɓata mata suna."

Matata dai ba ta ɗauko ta ba, amma maganar nan ta soke ni. Na san in tukunyar nan ta bar Jekadafari, Dada za ta koma tsohuwar da ake kai wa abinci a gaishe ta a fito, kuma ita ma ta sani. Amma gaskiya ɗaya ce, a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi da na ji, wanda yanzu nake jin kunyarsa. Na ce a raina, yau ga ranar da karatuna zai yi amfani a gidan ubana.

Ina da wani ma'aunin zafi na gilashi tun ina ɗalibi, dogo siriri mai jan ruwa a ciki, ina ajiye da shi a kwalinsa cikin akwatin takardun shaidata. Ranar Asabar da hantsi na ɗauke shi na nufi Jekadafari, matata na biye da ni tana ta kallona a kaikaice. Dabarata mai sauƙi ce, kuma har gobe ina nan a kan cewa daidai take. Muddin akwai ruwa a cikin man, jan layin zai tsaya wajen ɗari, ba zai wuce ba. Da zarar ya fara hawa, ruwa ya ƙare, sai a sauke. Abin da kunne ya kasa, ido zai yi.

Dada ta karɓi ma'aunin ta jujjuya shi.

"Wannan ba shi ake sa wa mara lafiya a hammata ba?"

"Yayansa ne, Dada," na ce da ƙarfi. "Wannan na aikin kimiyya ne."

Ta daɗe tana kallona. Ina jin ba ma'aunin ta yarda da shi ba, tausayina ta ji. Ta aiki matata ta ɗauko tukunyar daga bakin zaure, ta hura wuta da kanta, ta juye bokiti na biyu, wanda daga shi babu wani.

Farkon abin ya tafi kamar a littafi. Man ya narke, kumfa ta taso, na tsoma ma'aunin, jan layi ya hau ya hau, ya zo dab da ɗari ya tsaya cak. Na nuna wa Dada, na nuna wa matata, bakina har kunne. Ana cikin haka wata maƙwabciyar Dada, dattijuwa 'yar asalin Kano, ta yi sallama ta zo aron rariya. Ta tambaya me ake yi haka. Wannan tambaya ita ta kai ni ta baro. A duniya babu abin da ke ruɗa ni kamar a ce ga mutum uku a zaune an tambaye ni me ya sa.

Ni ba na iya bayani sai da hannu biyu. Don haka na jingina ma'aunin a jikin tukunya, bakinsa yana taɓa gindinta, na tsinci gawayi na nufi bangon kicin. Na zana ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna. Na zana na mai, dogaye, sun naɗe da juna. Na faɗi dalilin da ya sa ruwa, duk ƙanƙantar ƙwayoyinsa, yake da taurin kai. Har na ɗan ratse na gaya musu cewa a Gombe ruwa ba ya ma kai ɗari cif yake tafasa, saboda mun ɗan fi bakin teku tudu, kamar wani ya tambaye ni.

"Baban yara," matata ta ce, "tukunya."

"Da sauran lokaci," na ce, ban ko waiwaya ba. "Bari in ƙarasa musu wannan."

Sai muka ji ɗas. Ƙaramar ƙara ce, kamar an taka busasshen tsinke. Mu uku muka juya tare. Dada kaɗai ba ta juya ba, don ba ta ji ba.

Lambobin da ke jikin ma'aunin a ɗari da goma suka ƙare. Na san da haka, shekara nawa ina kallonsu. Na san gindin tukunya ya fi samanta zafi. Na san in ruwa ya ƙare zafin mai ba ya jiran kowa. Kuma na san jan ruwan da ke cikin gilashin mara nauyi ne, irin wanda ƙwayoyinsa ba sa riƙe juna da kyau, da ya ji wuta ya kumbura ya rasa wurin zuwa. Duk wannan ni nake koyar da shi, har ina ba wa yara sifili a kansa. Ina can ina zanen riƙo a bango, gilashin ya fashe, jan ruwan ya yi zare a cikin man.

Dada ta ga fuskokinmu ta ɗauka alama muke ba ta. Ta kama tsumma ta sauke. Da kumfar ta lafa, wallahi man nan ya yi kyau, garau da shi, launin zuma, bai ƙone ko kaɗan ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"Ya yi?" ta tambaye ni.

Matata ta ce a hankali ko za a tace da ƙyalle. Na girgiza kai. Ɓurɓushin gilashi ba abin wasa ba ne, jan ruwan kuma ba na ci ba ne, ga shi gidaje shida da ƙananan yara za a kai wa. Saura in gaya wa Dada. Na ce, "Gilashin ya fashe a ciki." Ta kawo kunne. Na maimaita. Ta ce, "Iye?" Ƙarshe dai sai da na buɗe murya irin ta filin taron makaranta na ce, "Na ɓata man, Dada. Ni na ɓata shi. Ba zai ciwu ba." Ina jin har masu shago a bakin layi sun ji, kuma ba su yi zaton wani ba ne.

Ta dubi tukunyar, ta dubi zanen da ke bango, sannan ta dube ni.

"Malam, a makarantar ma haka kake yi?"

Maƙwabciyar ta sulale ta fita, rariyar ma ba ta karɓa ba. Ni na haƙa rami a bayan gida na binne man don kada awaki su lasa. Dada ta wanke tukunyar da toka har sau uku, ta mayar da ita bakin zaure ta kife. Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A keke muna komawa Lokos matata ta ce, "Sai ka je ka gaya wa Yafendo da bakinka. Wataƙila da ɗan saura." Na ce ai ana iya bugo waya. Ta ce wanda ya iya yi wa unguwa guda shela ba zai kasa yi wa tsohuwa ɗaya bayani ido da ido ba.

Asabar ta gaba na hau mota, na sauka na hau mashin, na isa rugar bayan azahar. Fulatancina irin na 'yan birni ne, na gaisuwa da neman ruwan sha. Da shi na zauna kan tabarma gaban Yafendo da surukanta ina ƙoƙarin bayyana abin da ya faru. Ban san sunan ma'aunin zafi ba, na ce sandar gilashi. Yafendo ta tambaya, cikin natsuwa, me zai sa magidanci mai 'ya'ya huɗu ya tsoma sandar gilashi a cikin man shanu. Na fara bayanin ƙwayoyi, na ga matan sun rufe baki da gefen zane kafaɗunsu na rawa, sai na haƙura.

Amma da na faɗa mata maganar kunnen Dada da tukunyar da aka kife, dariyar ta tsaya. Ta ce ciyawa ta fara bushewa, nono ya ja baya. Ta shiga ɗakinta ta shiga na surukanta, ta haɗo abin da ke akwai, ƙaramar ƙwarya ɗaya. Ta ce, "Wannan ne na ƙarshe sai baɗi, in da rai. Ka bar sandar a gida."

Da na ajiye ƙwaryar gaban Dada washegari da safe, ta leƙa ta mayar da faifai ta rufe.

"Ba wa matarka ta soya."

"Ke za ki soya, Dada."

"Wa zai ji mini?"

Na nuna ƙirjina. Ta yi mini wani kallo tun daga hula har takalmi.

"Kai? Kana iya yin shiru?"

Ban ba ta amsa ba, ina jin wannan ne ya ɗan taimake ni. Ta sa na ba matata wayata, ta sa aka kore kaji. Sannan ta koya mini abin da babu shi a littafina. Ta ce da farko zai yi ta gunaguni da babbar murya, wannan ba ruwana da shi. Daga nan sai ya koma ƙas-ƙas da sauri. Sannan ya riƙa yi ɗaya-ɗaya. "Zai yi shiru, kada ka yarda, hutawa yake yi. Sai ka ja numfashi uku ba ka ji komai ba, sannan ka gaya mini. A nani?"

Na ce na ji.

Na zauna a ƙasa kusa da kujerarta, ta gefen dama, kunnen da muke cewa shi ne mai sauƙi. Shekara goma sha ɗaya ina ba da labarin yadda ruwa ke rabuwa da mai, ban taɓa zama na saurare shi ba sai ranar. Gunagunin ya zo, ya wuce. Ƙas-ƙas ɗin ya zo. Sau biyu bayani ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Ƙarar ta fara raguwa, ɗaya nan, ɗaya can. Sai ta ɗauke. Na buɗe baki ke nan, sai na ji ƙas, guda ɗaya, daga can ƙasa. Na rufe bakina. Ta sake ɗaukewa. Na ja numfashi ɗaya, biyu, uku.

"Dada, ya yi shiru."

Ba ta motsa ba. Idonta na kan kumfar, tsumma a hannunta.

"Dada, ya yi."

Na faɗa da ƙarfi, tsakanina da kunnenta bai kai kamu ɗaya ba. Ko gezau. A nan na gane abin da muka ƙi ganewa mu shida. Ba raguwa jin Dada ya yi ba, ya tafi. Bakinmu take kallo tun tuni, ta ce "to", mu kuma mu tashi muna cewa da sauƙi. Yanzu da idonta ke kan tukunya, babu wata hanya da muryata za ta kai gare ta. Tsoro da baƙin ciki suka taso mini lokaci guda, ga man kuma ba ya jira.

Ɗan fari a gidan Fulani ba ya taɓa jikin uwarsa haka kawai. Rabona da riƙe hannun Dada tun ina tsallaka titi da ita zuwa allurar rigakafi. Na miƙa hannu na kama wuyan hannunta na matsa. Ta firgita ta dube ni, ta dubi bakina, sannan ta fizge hannun ta cafke tukunyar ta sauke. Ta watsa albasa. Ta yi cuu, ƙamshi ya cika gidan, ni kaɗai da matata muka ji ƙarar.

Man bai fi kwalba ɗaya da ɗan kai ba. Dada ta sa aka wanko ƙananan kwalabe shida ta raba. Tawa ta fi ta kowa ƙanƙanta, ta ce ai na riga na binne rabona a bayan gida. Na karɓa da hannu biyu.

Da ta wanke tukunyar na tsaya ina kallon inda za ta nufa da ita. Ba ta tsaya bakin zaure ba, ta shiga ɗakinta, na ji ta tura ta ƙarƙashin gado inda take zama tun muna yara. Ta fito tana goge hannu da zane, ba ta dube ni ba, kamar da bango take magana.

"Baɗi ka zauna ta hagu," ta ce. "Na daman da shi nake sauke tukunya."